Indiyawa nawa suka ci kyautar Nobel, kuma ina Gandhi a cikinsu?

Tambaya daga wani malamin sakandare: "Malam, muna shirya wa ɗalibai gasar kacici-kacici, sai muka ci karo da saɓani. Wani littafi ya ce Indiyawa biyar ne suka taɓa cin kyautar Nobel, wani ya ce tara, wani ma ya haura goma. Wanne ne daidai? A kan me aka ba su? Kuma da gaske ne Gandhi bai taɓa samu ba?"

Malam, Allah ya taimaka. Littattafan naku babu wanda ya yi ƙarya, kowa dai da mudun da ya auna.

Idan ana nufin waɗanda suke 'yan ƙasar Indiya a lokacin da aka ba su, biyar ne: Rabindranath Tagore a adabi a 1913, C. V. Raman a fiziks a 1930, Mother Teresa a zaman lafiya a 1979, Amartya Sen a tattalin arziki a 1998, sai Kailash Satyarthi a zaman lafiya a 2014. Idan aka haɗa da 'ya'yan Indiyawa da aka haifa a can amma suka koma 'yan wata ƙasa kafin kyautar ta zo, sai a ƙara huɗu: Har Gobind Khorana a likitanci a 1968, Subrahmanyan Chandrasekhar a fiziks a 1983, Venkatraman Ramakrishnan a kimiyyar sinadarai a 2009, da Abhijit Banerjee a tattalin arziki a 2019. Ga tara ke nan. Masu haura goma sukan cusa Turawan Ingila biyu da aka haifa a Indiya zamanin mulkin mallaka, wato Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 a garin Secunderabad cewa ƙwayar zazzabin cizon sauro a cikin sauro take girma, da marubuci Rudyard Kipling. Wasu kan ƙara V. S. Naipaul, haifaffen Tirinidad mai tsatson Indiya, wasu har da Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, don yana zaune a Indiya tun 1959. A gasar ɗalibai ina ba ku shawarar ku tsaya a kan tara, amma ku fayyace a cikin tambayar cewa har da waɗanda suka sauya ƙasa.

Abin da ya fi adadin muhimmanci a wurina shi ne inda aka yi aikin. A cikin Indiyawa huɗu da suka ci kyautar a fannonin kimiyya, Raman kaɗai ya yi binciken da ya kawo masa ita a cikin Indiya, kuma tun 1930 ba a sake ba.

Raman da farko ba malamin jami'a ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne a sashen kuɗi a Kalkata daga 1907, yana zuwa ɗakin gwaje-gwaje na wata ƙungiyar masu sha'awar kimiyya da sassafe kafin ya tafi ofis, ya koma da yamma bayan an tashi. Shekara goma yana haka kafin ya ajiye aikin, ya karɓi kujerar farfesa a Jami'ar Kalkata a kan albashin da bai kai wanda ya bari ba. Abin da ya gano a ranar 28 ga Fabrairu 1928, tare da almajirinsa K. S. Krishnan, shi ne: idan haske ya ratsa ruwa ko wani sinadari, mafi yawansa yana watsuwa da launin da ya shiga da shi, amma wani ɗan ƙanƙanin kaso yana fita da launi dabam, saboda ya yi musayar ƙarfi da ƙwayoyin abin da ya ratsa. Kowane sinadari da irin sauyin da yake jawowa, babu biyu da suke zuwa daidai. Saboda haka idan ka haska abu ka auna hasken da ya dawo, za ka san mene ne a ciki ba tare da ka fasa shi ba. 'Yar na'urar hannun nan TruScan da hukumar NAFDAC ta shigo da ita don gano jabun magani, a kan wannan ilimin take aiki. Indiya na bikin ranar kimiyya ta ƙasa kowace 28 ga Fabrairu saboda shi. Adalci ne a faɗi cewa wasu masana biyu a Mosko, Landsberg da Mandelstam, sun ga wannan abu a wannan shekarar, kuma Krishnan ya yi babban kaso na aikin hannu, amma Raman kaɗai aka kira.

Chandrasekhar ɗan ɗan'uwan Raman ne, haifaffen Lahore. A shekarar da baffansa ya karɓi kyautar, shi yana ɗan shekara 19 a cikin jirgin ruwa zuwa Kambirij, kuma a wannan tafiyar ya yi lissafin da ya fitar da sunansa. Tauraro idan makamashinsa ya ƙare yakan tsuke ya zama ƙarami mai tsananin nauyi. Chandrasekhar ya nuna cewa wannan yana da iyaka: idan abin da ya rage na tauraron ya haura nauyin rana sau 1.4, ba zai iya riƙe kansa ba, zai ci gaba da rushewa zuwa ciki. Wannan ne ya buɗe ƙofar fahimtar abin da yanzu ake kira baƙin rami. A Janairun 1935, a taron masana taurari a Landan, Arthur Eddington, wanda shi ne babba a fannin a Ingila, ya tashi ya mayar da lissafin abin dariya a gaban jama'a. Masanan da suka san yaron ne ke da gaskiya ba su fito fili sun ja da babba ba. A 1937 ya koma Jami'ar Chicago, can ya ƙare rayuwarsa, kuma sai a 1983 kyautar ta zo, shekara 53 bayan tafiyar jirgin.

Khorana ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a Punjab, a ɓangaren da yanzu yake Pakistan, kuma gidansu ne kusan kaɗai masu karatu a ƙauyen. Ya yi digirin digirgir a Liverpool, ya dawo gida a 1949 bai sami aiki ba, ya sake fita. A Jami'ar Wisconsin ya taimaka aka warware yadda ƙwayar halitta ke karanta saƙon gado harafi uku-uku tana haɗa furotin. Ramakrishnan kuwa fiziks ya karanta a Baroda, ya tafi Amurka, ya sauya zuwa ilmin halittu, sannan a Kambirij ya zana siffar ribosom, wato sashen ƙwayar halitta da ke ƙera furotin ɗin. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dama, irin su tetracycline da streptomycin, ribosom ɗin ƙwayar cutar suke kamawa, don haka sanin siffarsa ya bayyana yadda suke aiki. Daga baya ya shugabanci Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, daga 2015 zuwa 2020.

Dalilin wannan ƙaura ba ɓoyayye ba ne. Binciken Raman ya yiwu da hasken rana da gilasai da na'ura mai sauƙin kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu kimiyya ta zama mai tsada, tana neman manyan na'urori da tallafin shekaru goma ko ashirin kafin a ga sakamako. Indiya har yanzu ba ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike, Amurka kuwa ta haura kashi 3. Makarantun Indiya na iya renon hazikin yaro har ya kai shekara 20, daga nan wata ƙasa ta ɗauka.

Sai dai kada a ɗauka Nobel ce ma'aunin komai. Ba a raba ta tsakanin mutum fiye da uku, yanzu ba a ba mamaci, kuma babu ta a lissafi ko noma. Satyendra Nath Bose ya aika wa Einstein takarda daga Jami'ar Dhaka a 1924, Einstein da kansa ya fassara ta zuwa Jamusanci ya sa aka buga. An ba mutane da yawa Nobel a kan abin da aka gina a bisa wannan takardar, shi ba a ba shi ba. Sambhu Nath De ya gano a Kalkata a 1959 cewa guba ce ƙwayar kwalara ke fitarwa a cikin hanji. Likita Dilip Mahalanabis kuma, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh a 1971, ruwan ƙarin jiki ya ƙare masa, sai ya sa 'yan'uwan majinyata suka riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da baki, mace-mace suka faɗo daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A ganina, idan rayukan da aka ceta ne ma'auni, De da Mahalanabis na sahun gaba, kuma babu sunansu a jerin masu Nobel.

A lissafi, Srinivasa Varadhan, haifaffen Madras, ya ci kyautar Abel a 2007 yana koyarwa a New York. Manjul Bhargava a 2014 da Akshay Venkatesh a 2018 sun ci lambar Fields, amma na farkon a Kanada aka haife shi, na biyun a Ostireliya ya tashi. Raj Reddy ya ci kyautar Turing ta ilmin kwamfuta a 1994. Wanda aka yi a gida tsaf shi ne aikin Manindra Agrawal da ɗalibansa biyu a IIT Kanpur a 2002, da suka samo tabbatacciyar hanya mai sauri ta gane lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, aka ba su kyautar Gödel a 2006. A noma kuma, M. S. Swaminathan ne mutum na farko da aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 1987, saboda yaɗa irin alkama mai gajeren kara da ya fitar da Indiya daga dogaro da tallafin hatsi. Rattan Lal, da ya ci wannan kyautar a 2020 a kan kula da ƙasar noma, ya yi shekarun 1970 zuwa 1987 ne a cibiyar IITA da ke Ibadan yana nazarin zaizayar ƙasa.

Kyautar tattalin arziki ba ta cikin wasiyyar Alfred Nobel. Babban bankin Suwidin ne ya kafa ta a 1968, amma tare ake bayar da su. A nan Amartya Sen ya cancanci a tsaya a kansa, domin maganarsa ta shafe mu kai tsaye. Yana ɗan shekara tara ya ga yunwar Bengal ta 1943, wadda shi ya ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan uku. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne babu wanda ya mutu a gidansu ko a cikin abokan karatunsa. Ma'aikatan gona da masunta da masu ƙananan sana'o'i ne suka mutu. A littafinsa na 1981 a kan talauci da yunwa ya nuna da alƙaluma cewa abincin da ke Bengal a 1943 ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne kuɗin yaƙi ya tayar da farashin shinkafa ninki-ba-ninki, 'yan kasuwa suka ɓoye, gwamnati ta fifita ciyar da Kalkata, ladan ɗan ƙwadago kuma bai motsa ba. Yunwa, in ji shi, ba kullum take nufin babu abinci a ƙasa ba. Sau da yawa tana nufin wani rukuni na mutane ya rasa abin da zai musanya ya samu abincin.

A wannan littafin akwai babi guda a kan farin Sahel na farkon shekarun 1970, har da Nijar da Chadi da Mali. Ya nuna yadda makiyayi ke shan duka biyu: dabbobi suna mutuwa, waɗanda suka rage kuma sun rame, kowa na kai nasa kasuwa a lokaci guda, farashinsu ya faɗi daidai lokacin da gero ke tashi. Wanda ya ga 2005 a yankin Maraɗi, hatsi jibge a kasuwa amma cibiyoyin ciyar da yara cike, bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Sen ya kuma yi fice da cewa ba a taɓa yin babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida ba, don gwamnati na tsoron abin da zai biyo baya. Wasu masana tarihi sun ja da shi a kan alƙaluman Bengal, suna cewa cutar da ta kama shinkafa a 1942 ta rage amfanin gona fiye da yadda ya lissafa, kuma ita kanta Indiya mai zaɓe har yanzu tana fama da tamowar yara. Duk da haka, tunaninsa ne ya sa hukumomin agaji a yau ke duba farashi da kuɗin hannun mutane, ba yawan buhuna kaɗai ba. Shi da Mahbub ul Haq na Pakistan ne kuma suka tsara ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990. Ya shafe mafi yawan rayuwarsa a Ingila da Amurka, amma bai taɓa ajiye fasfon Indiya ba.

Banerjee ya raba tasa da matarsa Esther Duflo da Michael Kremer. Hanyarsu ita ce a gwada shirin yaƙi da talauci kamar yadda ake gwada magani: a raba ƙauyuka da ƙuri'a, a yi wa wasu, a bar wasu, a kwatanta. A gundumar Udaipur, yaran da suka kammala rigakafi kashi 6 cikin 100 ne a ƙauyukan da aka bari yadda suke. Inda aka tabbatar ma'aikacin lafiya na zuwa kowane wata ba fashi, suka kai 18. Inda aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na waken dal a kowane zuwa da saitin faranti idan an kammala, suka kai 39, kuma kuɗin kowane yaro ya ragu, don ma'aikacin ba ya zaman banza. Masu suka na cewa irin wannan gwaji ƙananan tambayoyi yake amsawa, ba ya gaya maka yadda ƙasa za ta kafa masana'antu. Suna da gaskiya, amma ƙaramar amsa tabbatacciya ma abin so ce.

Adabi da zaman lafiya su ne fannonin da aikin ke fitowa daga cikin gida. Tagore shi ne mutum na farko da ba Bature ba da ya ci kyautar adabi. Da Bengali yake rubutu, shi ya mayar da waƙoƙinsa na Gitanjali zuwa Turanci, mawaƙin Ailan W. B. Yeats ya rubuta musu gabatarwa a 1912, shekara guda bayan nan kyauta ta zo. Masu jin Bengali kan ce Turancin bai kama ƙafar asalin ba. Ingila ta ba shi sarautar Sir a 1915, ya mayar musu da abarsu a 1919 bayan sojojinsu sun buɗe wuta a kan taron jama'a a Jallianwala Bagh da ke Amritsar. Taken ƙasar Indiya da na Bangladesh duk waƙoƙinsa ne. A makarantar da ya kafa a Santiniketan Sen ya yi karatun yarinta, kuma daga gidan tarihin wurin aka sace lambar Nobel ta Tagore a 2004.

Bayan Tagore babu wani ɗan ƙasar da ya sake cin Nobel ta adabi, sai dai kyautar Booker ta ƙagaggun labarai da ake bayarwa a Ingila, wadda Salman Rushdie ya ci a 1981 (da wani littafi dabam, ba wanda ya tayar da ƙura a duniyar Musulmi daga baya ba), Arundhati Roy a 1997, Kiran Desai a 2006 da Aravind Adiga a 2008. Duk da Turanci suka rubuta. Abin da ya fi burge ni shi ne Booker ta littattafan fassara: Geetanjali Shree ta ci a 2022 da littafin Hindi, Banu Mushtaq kuma a 2025 da gajerun labaran Kannada a kan rayuwar matan Musulmi a kudancin Indiya, kuma rabin kuɗin na mai fassara ne. Ɗalibanku za su kuma so sanin cewa kyautar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci, wadda aka ba Sheikh Abubakar Gumi a 1987, an ba Abul Hasan Ali Nadwi na Lucknow ita a 1980.

Mother Teresa 'yar Albaniyawa ce haifaffiyar Skopje, ta zo Indiya a 1929, ta kafa ƙungiyarta a Kalkata a 1950 tana kwasar marasa galihu da ke mutuwa a titi. Ta nemi a soke liyafar kyautar a ba talakawa kuɗin. Ita ma ta sha suka: editan mujallar likitanci ta Lancet ya ziyarci gidan a 1994, ya yaba da tausayi, amma ya koka da rashin binciken cuta da ƙarancin maganin ciwo. Satyarthi injiniyan lantarki ne da ya bar aikinsa a 1980, ya riƙa kai samame masaƙar darduma da wuraren fasa dutse inda ake bautar da yara a kan bashin iyayensu. Lokacin da aka ba shi kyautar an lissafa yara fiye da 80,000 da ƙungiyarsa ta kuɓutar. Tattakin da ya jagoranta a 1998 ya taimaka aka samu yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta mafi munin ayyukan bautar da yara, a 1999. Kwamitin ya haɗa shi da Malala Yousafzai da gangan, ya kuma faɗi haka: ɗan Hindu da Musulma, ɗan Indiya da 'yar Pakistan.

Batun Gandhi kuwa gaskiya ne, bai samu ba. An gabatar da sunansa sau biyar, a 1937, 1938, 1939, 1947 da 1948. Mai ba kwamitin shawara a 1937 ya rubuta cewa ɗan kishin ƙasa ne fiye da mai neman zaman lafiyar duniya, kuma gwagwarmayarsa takan rikiɗe ta zama tarzoma a hannun mabiya. A 1947 jinin da aka zubar wajen raba Indiya da Pakistan ya sa kwamitin ya ja baya. Har zuwa lokacin ma kyautar zaman lafiya ba ta cika fita daga Turai da nahiyar Amurka ba. An harbe shi a ranar 30 ga Janairu 1948, kwana biyu kafin a rufe karɓar sunaye. Kwamitin ya duba yiwuwar ba shi bayan mutuwa, ya ga bai bar wata ƙungiya ko wasiyyar da za ta karɓi kuɗin ba, sai ya sanar cewa ba za a bayar da kyautar ba a wannan shekarar don babu rayayyen da ya dace. A 1989, da ake ba Dalai Lama, shugaban kwamitin ya ce wani ɓangare na kyautar girmamawa ce ga Gandhi, kuma a 2006 sakataren kwamitin, Geir Lundestad, ya kira rashin ba shi giɓi mafi girma a tarihin kyautar.